Babur ɗin Baba ya shekara 20 a zaure: a ba 'yan gwangwan ko a tashe shi?

"Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar Honda CD175 a zauren gidanmu da ke Jahun, cikin garin Bauchi. A 1976 ya saye shi lokacin yana malamin gona, kuma rabon da a tashe shi tun ina firamare, fiye da shekara 20 ke nan. 'Yan gwangwan sun zo sun taya, yayyena sun ce a ba su a huta da tarkace. Ni kuma sana'ata zane a kwamfuta da ɗan haɗa katun, sai nake sha'awar in gyara shi, in kankare tsohon fentin in yi masa sabon zane nawa. Shin zai tashi kuwa? Kuma gyaran zai biya kuɗinsa?"

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ya ba ku haƙurin rashi. Ɗana, tambaya biyu ka yi amma uku na gani a ciki: ko injin zai tashi, ko kuɗin gyara zai dawo, da ko ya dace a kankare fentin. Ta farko, galibi yana tashi. Ta biyu, in sayarwa kake nufi, da wuya ya dawo. Ta uku kuwa roƙonka nake ka ajiye samfefa tukuna har ka gama karanta wannan.

Sai dai akwai maganar da ta riga waɗannan duka. Babur ɗin nan dukiyar magada ce, kai da yayyenka da ƙannenka, da mahaifiyarku in tana raye. Yau ana kiransa tarkace, kowa zai ce ɗauka ka je. Ranar da ya fito yana ƙyalli yana ƙugi a ƙofar gida, za a sami wanda zai tuna cewa shi ma ɗan Baba ne. Na ga zumunci ya yi tsami a kan abin da bai kai wannan ba. Don haka kafin ka kashe ko sisi, a yi masa kuɗi a yadda yake yanzu, ka biya kowa rabonsa, ko su bar maka kyauta a gaban shaidu, a rubuta a takarda. Ni aikina inji ne, lissafin rabon kuma na malamai ne, sai ku nemi wanda ya saba raba muku. In ka ɗora wani abu a kan tayin 'yan gwangwan, ba wanda zai ce an cuce shi, domin su nauyin ƙarfe kawai suke saye, kuma babur ɗin gaba ɗayansa kilo 120 da 'yan kai ne.

Wane irin babur ne a zaurenku

Honda ta ƙera CD175 daga 1967 zuwa 1979, sannan CD185 da CD200 Roadmaster suka gaje shi. Shekarar da Baba ya saya ba haka kawai ta zo ba. Kwamitin Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, aka biya ma'aikata ƙarin albashi da ariyas a 1975, ga kuɗin mai ya shigo ƙasa, ga sabuwar Jihar Bauchi an ƙirƙiro a 1976 tana ɗaukar ma'aikata. Malaman makaranta, malaman asibiti, akawuna da malaman gona suka bar keke suka hau mashin. Mai ƙaramin ƙarfi ya sayi Honda 50 ko Suzuki 100, ɗan gayu ya sayi Vespa, wanda kuma aikinsa shiga ƙauyuka ne a kan hanyar burji, irin Babanku, ya nemi mai salansa biyu. A lokacin baburan Ingila irin su BSA sun riga sun durƙushe, Japan ta cinye kasuwa.

Injinsa mai fistin biyu ne, cc 174, ba ya shan gaurayen mai da baƙin mai irin na Suzuki 100. Fistin biyun tare suke hawa tare suke sauka, amma bi da bi suke kama wuta, shi ya sa kafireta ɗaya da kwantak ɗaya, wato ɗan makunnin da ke buɗewa ya ba fulogi wuta, suka ishe shi, shi ya sa kuma ƙararsa take fita a daidaice, wadda dattawa ke ganewa tun daga lungu. Giya huɗu, wuta bolt 6, sarƙa a rufe cikin gidanta don kada ƙura ta ci ta. An yi shi don ya daɗe, ba a yi shi don tsere ba.

Yana da lago guda, kuma shi zai yanke hukuncin ko gyaran zai yi sauƙi. Sandar da ke buɗe bawul a saman inji take, kuma a kan zallar alminiyam take juyawa, babu boris tsakaninsu sai siririn baƙin mai. In man ya ƙazantu ko ya yi ƙasa, wurin yana cinyewa, kuma ba a cike shi da walda a ce an gama. Honda da kanta ta gano wannan. A 1974 ta tura injiniyoyi ƙasashe irin su Tailan, Indonesiya da Pakistan, suka tarar mutane ba sa juye baƙin mai sai ya zama kwalta, sai suka koma suka ƙera CG125 a 1975 da injin da ke jure sakaci. Jikokin wancan injin ne cike da titunanmu yau a cikin baburan Caina. Naku ba ya cikin masu jure sakaci. In Baba mai juye mai a kan kari ne, kun tsira.

Kada kowa ya buga kik

Abin da ya fi kashe irin waɗannan babura shi ne ranar farko da aka fito da su. Yaro ya zuba fetur, a sa batir, ƙato ya hau kik da dukan ƙarfinsa. In ringi ya manne da silinda saboda tsatsa, nan take zai karye ya kwarzane bango, aikin da kananzir da haƙuri za su yi ya koma na injin gundura.

Zaman zaure a Bauchi yana da nasa alheri. Iskarmu busasshiya ce mafi yawan shekara, ƙarfe ba ya ruɓewa yadda yake yi a Legas ko Fatakwal, sai dai in rufin yana yoyo a daidai kansa. Abin da ke wahala shi ne roba: taya, tiyon mai, robobin bakin kafireta, duk hunturu ya busar da su sun tsattsage. Sai kuma baƙin da suka tare. Leƙa bakin salansa da fitilar waya, ina kyautata zaton za ka ga zanzaro ya yi gininsa na laka ya toshe ta. Buɗe murfin gefe, ɓera ya mayar da gidan iska ɗakin haihuwa, ya cinye soson kujera, ya gwaigwayi wayoyi. In aka tashi inji a haka, tsumman nan ciki za su wuce, lakar kuma ta hana hayaƙi fita.

Ga yadda nake farawa da kowane irinsa. Kafin in kwance ko noti ɗaya, ina ɗaukar hotonsa ta kowace fuska, har yadda kowace waya ta bi. Ina duba lambar firam a wuyan babur da lambar inji a jikin bulok ta hagu, in gwada su da rasit da tsofaffin takardu. Ku bincika akwatin Baba, mutanen zamaninsu ba sa yar da takarda. Sannan in cire fulogi biyun, in zuba cokali biyu na gas ko kananzir gauraye da ɗan baƙin mai a kowane rami, in bar shi kamar mako guda. Bayan nan in sa giya ta huɗu, in riƙa jijjiga tayar baya gaba da baya da hannu, a hankali. In ya motsa ko da kaɗan ne, an ci rabin yaƙi. In ya ƙi, a ƙara mai a ƙara mako. In har yanzu ya ƙi, sai a buɗe kan inji, ba a tilasta masa.

Wajen kwancewa, ka lura da kusoshin murfin inji. Kansu ya yi kama da na sukudireba mai kuros da muka sani, amma ƙirar Japan ce, raminsu daban. Sukudireban kasuwa yana zamewa ya cinye kan, daga nan sai kurfi da guduma, murfi ya tashi da tabo har abada. A nemi sukudireba irin wanda ake bugawa da guduma yana juyawa da kansa.

Akwai wani wuri da kanikawan yanzu ba su san da shi ba, don baburan da suka koya a kai ba su da irinsa a fili. A murfin dama akwai ɗan ƙaramin murfi zagayayye. Bayansa wani kofi ne da ke juyawa tare da inji, yana wurga dattin baƙin mai jikin bangonsa. Shi ne matatar man babur ɗin. Sau da yawa in na buɗe nakan tarar da baƙar laka ta daskare, sai an sa tsinke an ƙwaƙule. A wanke shi tas, a juye tsohon mai, a zuba lita ɗaya da rabi na sabon 20W-50 na babur.

Tanki, kafireta da wuta

Fetur ba ya ajiyuwa. Sassansa masu sauƙi suna tashi su bi iska, ragowar ya haɗu da iskar ya yi kauri ya zama kamar ƙaro, ya toshe duk wata ƙaramar kafa. Buɗe murfin tanki ka shinshina, warin tsohon fenti za ka ji. Sararin da man ya bari kuma raɓa ta kwanta a ciki damina bayan damina, ta haifar da tsatsa.

Masu gaggawa suna zuba ruwan batir a tanki. Yana cin tsatsa, yana kuma cin lafiyayyen ƙarfe, ƙarshenta tanki ya zama rariya. Hanyar da nake bi ta wutar lantarki ce, kuma yaron sakandare ma zai iya. A cire famfon mai a toshe raminsa. A cika tanki da ruwa, a narka sodar wanki kamar babban cokali ɗaya a kowace lita huɗu. A rataya guntun rodi ta bakin tanki, a naɗe wuyansa da roba yadda ba zai taɓa jikin tankin ba ko kaɗan. A kawo cajar batir mai bolt 12, baƙar waya a jikin tanki, ja a jikin rodi. Cikin ɗan lokaci ruwan zai fara ƙananan kumfa, bayan kwana ɗaya ka zaro rodin ka gan shi ya yi kututu da jan datti. A goge, a mayar, har ya daina tarawa. Kumfar nan iskar haidurojin ce mai kama wuta, don haka a tsakar gida ake yi, nesa da murhu, kuma ba a amfani da ƙarfen da ba ya tsatsa a madadin rodi. In an gama a ɗauraye, a shanya a rana, a zagaya cikin da ɗan mai nan da nan, in ba haka ba kafin la'asar sabuwar tsatsa ta fito.

Kafireta a kwance ta a kan farin tire don kada ƙananan kaya su ɓace. Jet ɗinta, wato 'yan kusoshi masu rami da fetur ke bi, na tagulla ne, ramin ƙaramin cikinsu bai kai kaurin allura ba. Wanda ya zura allura ya buɗa ramin, babur ya koma shan mai da baƙin hayaƙi, a yi ta zargin inji. Jiƙa su ake yi, a bi da silin wayar lantarki guda mai laushi, a hura. Ka girgiza fulot, wato ɗan abin da ke yawo a saman fetur cikin kafireta, a kusa da kunne, in ka ji ruwa a ciki ya huje.

Wuta kuma, kada a yarda wani ya ɗaura masa batir mai bolt 12 don shi ne a kusa. Kada kuma a tashe shi ba batir, domin batirin ne ke shanye rarar wuta, in babu shi ƙwayayen fitila za su ƙone ɗaya bayan ɗaya. Tsohon rektifaya mai faranti-faranti, wanda ke daidaita wutar inji ta shiga batir, yakan mutu da shekaru, na zamani a wurin masu gyaran rediyo yana maye gurbinsa da kuɗi kaɗan, a ɓoye shi bayan murfi. Bakin kwantak a goge shi, a saita buɗewarsa tsakanin milimita 0.3 da 0.4, bawul kuma 0.05 in inji ya huce. A jikin rota, wato faifan da ke juyawa tare da inji bayan murfin hagu, akwai alamar F da T. Daidai lokacin da F ta zo kan layi kwantak zai fara buɗewa.

Tunda kai mai katun ne, ka nemi a nuna maka wannan saiti da fitilar nan mai walƙiya. Inji na juyi sau dubu da wani abu a minti, amma fitilar tana haskawa sau ɗaya a kowane juyi, a daidai wuri ɗaya, sai ka ga harafin F ya tsaya cak. Asalin sana'arka ke nan. A 1831 Michael Faraday ya yi rubutu a kan yadda haƙoran ƙafafun inji biyu masu juyi ke bayyana a tsaye in an hango ɗaya ta tsakanin ɗaya. A 1832 Joseph Plateau na Beljiyam ya ɗauki dabarar, ya jera zane-zane a kan faifai mai tsaga-tsaga, wanda ya leƙa ta tsagar a madubi sai ya ga zanen yana motsi. Shi ne kuma dalilin da tayar mota a fim take zama tamkar tana komawa baya.

Taya, tif da takalmin birki ba a tattaunawa a kansu, sababbi za a sa ko da zanen tsohuwar tayar bai goge ba. Roba ta ƙandare ba ta kama kwalta, fatar birki kuma takan ɓalle daga takalminta ta cije taya ana cikin tafiya. Ƙurar cikin gangar birki kada a hura ta da baki, tsofaffin fatu suna da asbestos mai lahani ga huhu. Jiƙaƙƙen tsumma ake sawa.

Maganar fenti

A nan ne za mu saɓa. Ka ɗauki babur ɗin a matsayin allon da za ka yi zane a kai, alhali an riga an yi zanen. Dubi tankin: farantan kurom biyu a gefe, robar gwiwa, tambarin fiffike, yadda layin tanki ya gangaro ya haɗu da kujera. Mutane ne suka zauna suka zana wannan, kuma duniyar masu fasaha ta daɗe da yarda da haka. A 1998 gidan tarihin Guggenheim da ke New York ya baje kolin babura sama da 100 a zauren da aka saba rataya zanen manyan masu zane, har da ƙaramar Honda Super Cub, wadda aka fara a 1958 kuma aka ƙera sama da miliyan 100 zuwa 2017. Gidan MoMA a birnin yana ajiye da Vespa ƙirar 1955. A 2014 Japan ta yi wa siffar Super Cub ɗin kanta rajista a matsayin tambarin kasuwanci.

Bayan zanen kamfani akwai na Baba. Wurin da gwiwarsa ta goge fenti, rigar kujera in dukawa ne suka ɗinka masa, rubutun da mai zanen allo ya yi a robar bayan taya, sitikar ma'aikatar gona, tsohuwar lamba. Mai fenti zai shafe wannan duka a yini ɗaya, kuma ba mai iya mayar da shi. Masu sayen tsofaffin babura ma sun fi daraja wanda ke da fentinsa na asali ko ya koɗe, a kan wanda aka fesa jiya, domin sabon fenti yana ɓoye walda da cikon fanel bita.

Wanke shi da sabulu mai laushi, ka bi da man goge mota, za ka yi mamakin launin da ke kwance ƙarƙashin ƙura. Tsatsar kurom kuma, dunƙule takardar alminiyam ta naɗe abinci, tsoma a ruwa, ka goga a hankali. Ta fi kurom laushi, ba ta kwarzane shi. Inda ƙarfe ya fito fili a shafa ɗan mai ko kakin goge mota. In hannunka na ƙaiƙayin zane, sayi tsohon tanki da murafun gefe na wani babur ka yi gwanintarka a kansu, ka ɗaura, na asali ka naɗe a ajiye. Ko ka auna babur ɗin ka gina shi a kwamfuta, ka ba shi launi goma, ka sa shi a katun ɗinka. Fenti ɗaya da na yarda da shi shi ne na firam in tsatsa ta fara cinsa, baƙi yadda yake tun farko.

Kuɗin fa

Kada ka saurari masu cewa Turawa na sayen irinsa da miliyoyi. Honda ta ƙera shi da yawa, ba ya cikin waɗanda ake rububi a gwanjon ƙasashen waje, kuma a nan gida masu sha'awar ba su da yawa. In ka tashe shi don hawa, ka bar shi da kamanninsa, kashe kuɗin mai sauƙi ne: taya, batir, kebul, gasket, fulogi, ladan bakanike. In ka ce sai ya koma sabo fil, da sabon kurom da salansa na asali, abin da za ka kashe zai wuce abin da wani zai taya. In kuma kuka ga ba za ku iya ba, ku sayar da shi ɗungurungum ga mai so. Ko kwance shi aka yi aka sayar da tanki, fitila, agogon gudu da murafu daban-daban, ya fi kuɗin kilo nesa ba kusa ba.

Kayan gyara ana samu, da haƙuri. Fara da tsofaffin kanikawan Bauchi, waɗanda suka koyi aiki kafin zuwan Jincheng, da yawansu suna da buhun tsofaffin kaya a bayan shago. Sai Kano da Panteka ta Kaduna, sai 'yan kasuwar da ke sari daga Nnewi. Ta intanet ana samun na Tailan da Pakistan, inda har yau ake ji da wannan babur. Kuma duk abin da aka cire, ko ya lalace, a mayar maka da shi a kwali. Bakaniken da ya fara da cewa a jefar da injin a ɗaura na Caina, ka yi masa godiya ka tura babur ɗinka gaba.

Daga nan inda nake ba zan iya ce maka tabbas zai tashi ba, sai an buɗe. Abu uku ne ke sa in ce wa mutum ya haƙura: firam ya tsage ko ya karkace a wuya, mazaunin sandar bawul ya cinye har tana rawa, ko ruwan sama ya shiga bulok ya kwana shekaru har boris ɗin ƙasa suka ruɓe. Ɗaya daga ciki ana iya nemo na wani mataccen babur a musanya. In biyu suka haɗu, kuɗin ya fi ƙarfin abin.

In an tsallake waɗannan, ranar tashi a cire fulogi a yi ta buga kik a banza don mai ya zagaya, a kuma ɗiga baƙin mai da hannu ta ramukan saitin bawul. In ya kama kada a murɗa totur. A bar shi yana sulo, a buɗe murfin bawul ɗaya a leƙa. In cikin minti ɗaya ba a ga mai yana fantsama a sama ba, a kashe nan take a binciki famfon da ke tura baƙin mai. Hayaƙi na mintunan farko ba komai ba ne, man da ka jiƙa silinda da shi ne ke ƙonewa. Bayan 'yan kilomitoci kaɗan a sake juye man, domin zai kwaso dattin shekaru. Sabunta takardu kafin ka hau titi, kuma gwajin farko a yi shi da sassafe a hanyar da ba cunkoso, da hular kwano, saboda birkin ganga na 1976 yana buƙatar tazara fiye da wadda ka saba bari.